Ruwan Indararon da Na Sha Don Albarka

Assalamu alaikum 'yan dandali. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cigiya na ga saƙonninku, Allah Ya bar zumunci. Ba fushi na yi ba, kwanciya na yi, kuma saura ƙiris da sai dai ku ji labarina a bakin wani.

Kun san Madina, ruwan sama sai an yi sa'a, wata shekarar sau biyu ko uku. Ranar da ya fara sauka a unguwarmu ta Al-Sih, Goggo Hajara, ƙanwar mahaifin maigidana da muke zaune tare, ta kwashe robobin gidan ta jera ƙarƙashin indararo. A garinsu can Kano, in ji ta, sai ruwan farko ya wanke rufi ake tara na biyu. Amma a nan wa ya san ko akwai na biyu? Muka cika jarka. Ruwan Madina ne, albarka ce. Kullum da safe sai na sha kofi guda.

Maƙwabciyata Ummu Nasir, Ba'indiya ce Musulma, ta gan mu ta riƙe baki. Ita da hadari ya haɗu take sauya tukunya: ruwa sai tafasasshe da citta da kammun, kunun shinkafa mai ɗumi, babu ɗanyen ganye, babu nono mai sanyi. Ta ce tsarin maganin ƙasarsu ne, Ayurbeda, wai da damina wutar ciki takan yi rauni. Na yi mata dariya har da tafi. Na ce, "Ummu Nasir, wace damina? Yayyafin rabin awa?"

Bakina ne, kun san shi.

Bayan 'yan kwanaki ciki ya fara murɗa. Sai zazzaɓi, sai gudawa. Maigida yana hanya, yana jigilar masu Umra daga Bi'ir Ali zuwa Makka. Goggo ta ga ina jin jiki, sai ta ƙara mini ruwan jarkar, yanzu sau uku a rana, don in samu sauƙi. Ni ma da hannuna nake karɓa.

Kwana na shida na ɗauki 'yata Maryam, wata bakwai gare ta, zan ba ta nono, hannuna ya kasa riƙe ta. Ta zame kan katifa tana tsala kuka, ni kuwa ina kallonta kawai.

Ummu Nasir ta shigo da kununta. Ta taɓa goshina, ta ajiye kwanon a ƙasa. "Wannan ya wuce kunu. Mustashfa, yanzu." Mijinta ne ya kai mu asibitin.

Aka ɗibi jini, aka karɓi bayan gida, aka rataya mini ƙarin ruwa. Sau huɗu suna neman jijiya. Likitar ta tambayi abin da nake ci da sha, da na ambaci indararo sai ta ajiye biro. "Akwai tattabaru a rufinku?" Akwai, sun fi a ƙirga. Ta ce ƙwayar cutar ta bar hanji ta shiga jini, kuma ƙodata ta fara gajiya. Ta ce a daina ba jaririya nono tukuna saboda ƙarfina ya ƙare.

Wallahi na ji tsoro. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Goggo ta zauna a gefen gado tana jan carbi. Don ta kwantar mini da hankali ta ce, "'Yar nan, kada ki damu. Ko ta Allah ta kasance, a Madina kike. Maƙabartar Baƙi'a za a kai ki. Mutane nawa ke roƙon haka?"

Na san gaskiya ta faɗa. Iyayenmu sun taka sahara don wannan. Amma ni a ranar ba na so. Ina son in ga Maryam ta yi haƙori, in ji ta kira ni. Na juya fuska bango ina hawaye, ina jin kunyar Allah, ina kuma roƙonSa Ya ƙara mini lokaci.

Kwana goma sha ɗaya na yi. Allura safe da yamma, awon fitsari kullum, ni kuwa ina karantar fuskar nas kafin ta buɗe baki. A rana ta takwas likitar ta ce, "Ƙodar ta dawo aiki." Maigida, da ya riga ya dawo daga hanya, ya fita baranda don kada in ga idonsa.

Da na koma gida ko shayi ba ya zama. Kunun Ummu Nasir da na raina shi ya tashe ni, cokali-cokali, har na iya tuwo. Ita ta riƙe Maryam duk tsawon kwanciyata. Allah Ya saka mata, Ya saka wa likitocin, da ku masu addu'a.

Shawarata: in an yi ruwa, ku tafasa abin sha, ku ci abinci da ɗuminsa, ku wanke ganye sosai. Citta da kunu suna gyara ciki, amma zazzaɓin da ya kwana uku na likita ne.

Makon jiya aka sake yayyafi. Na ga Goggo ta fita da roba, gabana ya faɗi. Ta tara, ta wuce ni, ta juye a tukunya ta kunna gas. Ta tsaya a kai har ya tafasa. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ranar nan a asibiti, da bakina kawai nake faɗa. Ni ma ba na so a kai ki Baƙi'a."