Kirikirin da Na Saya da Kuɗina

Shekarar da na tare a gidan da na gina a Gusau, abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, in ga filin gaban falona ya zama kore shar da ciyawar ado, irin wadda nake gani a gidajen manyan ma'aikata in na kai musu takardu. Na biyu, in shawo kan mahaifina ya zauna tare da ni. Inna ta rasu, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, kuma shi kaɗai ya rage a gidanmu na Kekun Waje. Da ƙyar na ɗauko shi, da sunan za a duba lafiyarsa a asibiti.

Ya zo da ƙullin kaya a cikin tsohon buhu, ya jingine shi bayan ƙofar ɗakin da muka gyara masa, bai kwance ba. Matata ta jera masa sabbin riguna a akwati, ko kallonsu bai yi ba. Kullum da safe in na shiga gaishe shi, buhun nan nake fara duba. Muddin yana ɗaure, na san Baba baƙo ne, kuma ranar da na juya baya zai nemi tasha.

Shi kuwa filin, magina sun bar mini gado mai yawa a cikinsa. Ko'ina ka sara da diga sai ka tono guntun bulo, ko ƙusa, ko dunƙulen siminti da ya daskare, ga ledojin ruwa kamar an shuka su. Na ɗauko leburori suka farfasa wurin, suka kwashe tarkacen. Sai aka ce mini jar ƙasar nan ba za ta riƙe komai ba, don haka na sa tifa ta kawo baƙar ƙasa daga wata fadama ta wajen Bungudu. Na sa aka tankaɗe ta da raga don kada ko tsakuwa ta tsira. Ni da na yi karatu musamman don in tsere wa fartanya, ga ni bayan la'asar da manjagara a hannu ina baje ƙasa, ina tsugunawa ina hango inda ya yi tudu.

Taki kuma har Tsafe na je nemansa, wurin wani dattijon makiyayi da abokin aikina ya haɗa ni da shi, don an ce sai busasshen kashin shanu wanda ya kwana biyu. Muna cikin ɗura buhuna ya tambaye ni me zan shuka da nake wannan ɗawainiya haka. Na ce ciyawa. Ya dakata, ya dube ni da girmamawa, ya ce, “Shanu nawa gare ka, Alhaji?” Na ce ko akuya ba ni da ita, ciyawar ta kallo ce. Bai yi dariya ba, mutum ne mai kunya. Ya dai ce in ta yi tsawo in aiko, zai turo maruƙa su taimaka mini.

Duk wannan aiki Baba yana zaune a kan tabarma a inuwar katanga, carbi a hannu. Ranar da muka gama cakuɗa takin da ƙasar, muka daidaita, muka ba ta ruwa ta kwanta, sai na ga ya taso. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya kai hanci. Tun zuwansa ban ga idonsa ya yi haske haka ba.

Ya ce, “Ƙasag ga ta yi. Mi za ka shibkawa?”

Na ce, “Ciyawar ado, Baba.”

“Haki?”

“Ba irin wanda ka sani ba. Wannan na musamman ne, sayensa ake yi.”

Ya jinjina kai ya koma tabarmarsa. Ina jin ya ɗauka wani tsiro ne na ƙasashen waje mai furanni, wanda sai masu boko suka san amfaninsa.

Wani mai sayar da furanni ya kawo mini saiwoyin ciyawar a buhu, ya dasa su layi-layi, yana ta yabon kayansa. Ya ce ciyawar nan ba ta mutuwa, ko guntun jijiya ya rage a ƙasa sai ta dawo. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Damina ta sauka, filin ya fara kore, ciyawar ta fara miƙa hannuwa tana haɗe layukan. Har na fara tunanin inda zan ajiye kujeru. A daidai nan aka tura ni taron bita Kaduna.

Da na dawo na buɗe ƙofar gida, sai na tsaya da jaka a hannu. Babu ko ɗigon kore. An nome filin tas, an ja kunyoyi miƙaƙƙu kamar da igiya aka auna. Ciyawata tana tare a gindin katanga, saiwoyinta a sama suna shan rana. Matata ta leƙo ta taga, ta ga fuskata, ta saki labule ta koma.

Baba ya fito daga bayan tankin ruwa, zufa ta jiƙa masa riga, yana murmushi. Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya rage murya don kada matata ta ji.

Ya ce, “Sun cuce ka. Kirikiri na anka saida maka. Ina ganin ya hito nig gane shi. Amma kwantar da hankalinka, ban hwaɗa ma kowa ba.”

Kirikiri ita ce ciyawar da manomi ya fi tsana a duniya, mai rarrafe tana shaƙe shuka, wadda na yi ƙuruciyata ina tsinta a bayan Baba ina kuka. Kuma gaskiyarsa, ita ce. Ni ne dai na manta kamanninta tun da aka canza mata suna aka sa mata farashi. Shi a wurinsa asirina ya rufa, kada a ji a gari cewa ɗan manomi ya sayi kirikiri da kuɗinsa.

Raina ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye ba. Na buɗe baki zan yi bayanin tifa da taki da tafiyar Tsafe, sai idona ya faɗa kan abin da ke hannunsa. Tsohuwar hauyarsa ce, mai ƙotar da tafinsa ya goge har tana sheƙi. Ban taɓa ganinta a gidan nan ba. Na wuce shi na leƙa ɗakinsa. Buhun yana kwance a buɗe, rigunansa a rataye a ƙusa. Ashe abin da ya ɗauro ke nan tun daga ƙauye.

Na dawo na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.”

Ya ce, “Ba a gama ba. Shi wanga ba a kashe shi damana guda. Sai na ga bayanshi kahin in koma gida.”

Ya shuka kuɓewa da gyaɗa da yakuwa, da masara a bakin katanga. Baƙina na ofis suna ratsa kunyoyi kafin su kai falo, ina ce musu sabon tsari ne. Kullum bayan sallar asuba yana fita ya duba abokiyar gabarsa, kullum kuma sai ya samu ta ɓullo a wani lungu, ya yi ta faɗa yana sara. Mai furanni bai yi mini ƙarya ba. Ina jin a duk faɗin Zamfara ni kaɗai ne ɗan manomin da yake yi wa kirikiri addu'ar tsawon rai.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, Baba bai ga bayanta ba, bai kuma sake maganar tasha ba. A ɗakin nan ya rasu, a hannuna, bayan an cire gyaɗa.

Daminar da ta biyo baya ban shuka komai ba, ban taɓa filin ba. Kunyoyin suka baje, kirikiri ta fito daga ko'ina ta rufe wurin ruf, kore shar, daidai yadda na yi mafarkinta. Wani maƙwabcina ya tsaya a bakin ƙofa yana sha'awa, ya ce in ba shi lambar wanda ya yi mini aikin. Na ce masa ciyawar ba ta bukatar kowa, abin da take so kawai a rasa mai hana ta.

Kujerun da na saya suna cikin sito har yau. Washegarin ranar da maƙwabcin ya yi maganar nan, na ɗauko hauyar Baba daga bayan ƙofa, na fara daga gindin katanga.