Ɗan Bijimin Gokul Sur

A shekarar 1956 Gokul Sur ya fara haɗuwa da Haripada Nandi, a lungun masu yanka katantanwar teku a tsohon birnin Dhaka. Gokul ya zo koyon yanka awarwaro, Haripada kuwa ɗan mai shagon ne. Tun ranar jininsu bai haɗu ba.

A makarantar mishan Gokul ya taɓa ganin hoton wani ɗan bijimi na katantanwa, bai kai yatsa ba, wanda aka tono a kufan mutanen dā a bakin kogin Sindu. Hoton ya zauna masa a rai. Sai ya riƙa tsintar guntayen da zarto ya bari, yana sassaƙa bijimi da kunkuru.

Amma a lungun, guntu na mai shago ne, ana ƙona shi ya zama farar toka, a sayar wa masu shafa ta a ganyen da mutanen ƙasar ke taunawa. Haripada ya kama Gokul, ya zazzage dabbobin a tsakiyar hanya.

"Ku zo ku ga makiyayi! Da kayan ubana kake kiwo, ɓarawo?"

"Shara ce fa, yaya."

"Ni ba yayanka ba ne. Sharar ma ba ta gidanku ba ce."

Ya tattake su da ƙafa. Aka kori Gokul, sunan ɓarawo ya bi shi. Babu shagon da ya ƙara ɗaukarsa, sai a soron gidansu ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Suka tsufa a lungu ɗaya, in sun haɗu kowa ya tofar da yawu. Haripada kan yi masa kukan saniya, har bayan ya yi furfura.

Da auren Shefali, autar Haripada, ya zo, idon uban ya riga ya mutu. Abin kunya ne a lungun a ce 'yar mai yanka ta sa awarwaron kasuwa ranar aurenta, ga shi ba ya ganin bakin zarto.

Wata safiya aka tarar da ƙunshi a bakin ƙofarsa. A ciki akwai awarwaro biyu farare, da guntayen katantanwar duka, har da garin da zarto ya zubar, a ƙulle a tsumma.

Haripada ya daɗe yana laluba guntayen. Babu wanda aka sassaƙa.

"Ɓarawon nan ne," ya ce. "Ku ba yarinyar ta sa. Kada wanda ya je yi masa godiya."

Gokul ma bai zo bikin ba.