Mun Je Kaduna Sayen Motar Lantarki

Talata: Wudil zuwa Zariya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, muna idar da salla, muka nufi tasha mu uku: ni, da wana Yaya Sabo, da abokina Ɗanlami, wanda duk Wudil aka fi sani da Farfesa. Yaya Sabo manomin tumatir da albasa ne a Kausani. Shekara uku a jere yana kallon tumatirinsa yana ruɓewa a bakin gona saboda motar haya ba ta zuwa a kan lokaci. Bana ya sayar da shanunsa biyu, ya haɗa da abin da noman rani ya ba shi, ya ce shi ma sai ya mallaki abin ɗaukar kayansa.

Farfesa kuwa shi ne shugaban majalisarmu ta masu son motoci. Mu goma sha ɗaya ne, mai mota a cikinmu mutum ɗaya ne, ita ma tana kan duwatsu a gareji tun azumin bara. Wannan bai hana mu zama kullum bayan la'asar mu yanke wa manyan kamfanonin duniya hukunci ba. Farfesa ba ya barin labarin mota ya wuce shi a waya. Shi ya shaida wa Yaya cewa zamanin fetur ya ƙare, kuma ana baje kolin sababbin motoci a Kaduna, har da ƙaramar a-kori-kura mai aiki da lantarki. Ni ma na mara masa baya, gara in faɗa tun yanzu, da ilimina na mai babur ɗaya.

Ƙarfe shida da minti goma bas ta cika muka tashi. Tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce zuwa Kano, muka yi ta cikin awa ɗaya, Farfesa yana bayyana wa wata tsohuwa mai kwandon ƙwai dalilin da ya sa injin Japan ya fara tsufa. A Mariri ta sauka, ta ce masa, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan."

A Unguwa Uku muka tarar da motoci uku suna lodin Kaduna. Farfesa ya zaga su yana ƙwanƙwasa tayoyi da ƙafa, ya zaɓar mana wadda aka mayar mai amfani da gas.

"Wannan ita ce ci-gaba, Yaya Sabo. Ka fara ɗanɗanawa tun daga nan."

Muka ɗanɗana. Tukunyar gas ta cinye but ɗin motar gaba ɗaya, don haka kowa ya rungume jakarsa a cinya. Ni har da buhun shinkafar wani fasinja a kan ƙafata. Ƙarfe takwas saura kwata muka bar Kano. Direban, Mamuda, mutum ne marar yawan magana, har sai da Farfesa ya taɓo shi bayan mun wuce Kura.

"Direba, ai ka huta da layin mai."

"Na huta, Malam. Yanzu layin gas nake bi."

"Amma ai da sauƙi."

"Da sauƙi, in ka samu."

A Kwanar Dangora jami'ai suka tsayar da mu, ɗaya ya ce a buɗe but. Ya ga tukunya, ya duba takardarta, ya ce mu tafi. Minti biyu ya kamata abin ya ɗauka. Sai Farfesa ya leƙo da kai ta taga ya fara yi masa bayanin bambancin gas ɗin girki da na mota. Jami'in ya saurara da ladabi, sannan ya ce tunda Malam masani ne, ya fito da jakarsa a gani. Muka bar wurin bayan minti ashirin.

Sha ɗaya saura muka shiga Zariya, gas ya ƙare. Mamuda ya bi layi na awa ɗaya da rabi, mu kuma muka ci waina da miyar taushe a wata rumfa. Da aka zo kansa aka ce injin zuba gas ɗin ya tsaya. Ya murɗa wani ɗan maɓalli a gefen sitiyari, ya shiga gidan mai na gaba, ya sha fetur ɗin da zamaninsa ya ƙare.

Kaduna

Ƙarfe biyu da rabi muka sauka a Kawo. Ƙanwarmu Hajara ce ta sauke mu a gidanta da ke Unguwar Dosa, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka mai man shanu. Aka daɗe ana gaisawa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambayi abin da ya kawo mu. Da ta ji, sai ta dubi fankar da ke tsaye cak a saman ɗakin.

"Yaya, motar lantarki? Mu nan yau kwana huɗu rabonmu da wuta. Ko a Kausani an fara rabawa ne ban sani ba?"

Farfesa ya ce ai akwai sola. Hajara ta ce to in an samu solar ya fara sa mata wayarta a caji. Yaya dai ya ci gaba da cin tuwonsa.

Laraba: filin baje koli

Ƙarfe tara muka isa. Gaskiya motocin sun yi kyau. Akwai wadda ke buɗe ƙofa da kanta, akwai mai allo a gaba kamar talabijin, akwai mai kujerar da ke tausa bayan mutum. Farfesa yana tafe yana kiran sunan kowacce kamar 'ya'yan da ya raɗa wa suna. Ya ce wannan fitilunta sun yi ƙanƙanta, waccan kuma an cuce ta a baya. Na lura ba wanda ya tambaye shi.

A rumfa ta ƙarshe muka sami a-kori-kurar. Fara ce sol, 'yar madaidaiciya, an jona mata igiyar caji. Na bi igiyar da ido har bayan rumfa, na tarar da janareta mai shan dizal yana ta aman hayaƙi. Na nuna wa Farfesa. Ya ce wannan na wucin gadi ne.

Mai sayarwa, wani mutum mai kwat da fara'a, ya tarbe mu da Turanci, da ya ga hular Yaya ya koma Hausa. Farfesa ya shiga gaba. Ya yi maganar ƙarfin batir, ya gyara wa mutumin wata lamba da ya faɗa, har mutane suka fara taruwa. Mai kwat ya ji daɗi ƙwarai.

"Yallaɓai, ka fi ni sanin motar nan. Bismilla, ga fili can, ka zaga da ita Alhaji ya gani."

Farfesa ya ce ba sai an yi haka ba. Mai kwat ya nace. Mutane suka ce a gwada mana. Ni ma, da bakina, na ce, "Haba Farfesa, shiga mana!"

Ya shiga. Ya daɗe yana gyara madubi. Ya laluba gefen sitiyari yana neman wurin makulli, mai kwat ya nuna masa maɓalli. Ya danna, ba a ji ƙarar komai ba, ya ce ba ta tashi ba. Aka ce ta tashi. Sai ya taka abin da ya zaci birki ne.

Motar ta zabura ba tare da ko tari ba. Ta kwashe kujerun roba shida, ta ture tukunyar fure, ta bi ta kan allon talla, sannan ta ja birki da kanta taku biyu kafin rumfar mai sayar da lemo. Ashe tana da na'urar da ke tsayar da ita in ta ga abu a gaba. Cikin su biyun, ita ce ta san tuƙi.

Muka ruga. Farfesa yana riƙe da sitiyari da hannu biyu. Na sunkuya na ce, "Lafiya? Birkin ne ya ƙi?"

Ya ce a hankali, "Habibu, ban taɓa tuƙa mota ba."

"Ban gane ba."

"Ko sau ɗaya."

Shekara tara ina zama kusa da mutumin nan yana koya mana yadda ake shan kwana a kan gudu.

Allah ya taimaka motar ba ta ko ƙwarzane ba. Yaya ya ba mai kwat haƙuri, muka tsince kujeru. Sannan ya ce a ba shi ya gwada, tunda ya shekara goma sha biyu yana tuƙa tarakta. Ya zaga filin sau uku, ya yi baya, ya dawo ya ajiye ta daidai inda ya ɗauke ta. Da ya fito na ga fuskarsa ta canja. Motar ta shiga ransa, ba wasa. Ya shafa bayanta, ya auna da hannu ya ce za ta ɗauki kwando ashirin. Ni kuwa na tuna shanun nan biyu ba za su dawo ba.

Ya ce wa mai kwat, "Malam, tambaya ɗaya. In ta tsaya mini tsakanin Kausani da Achika, wa zan kira?"

"Sai ka kira mu, Alhaji. Injiniyanmu zai zo daga Abuja."

"In wani abu ne ya lalace a ciki fa?"

"Sai mu yi odarsa daga waje. Mako shida, in ya daɗe takwas."

Mutumin bai yi mana ƙarya ba, wannan na yaba masa. Yaya ya sake duban motar.

"Tumatir kwana uku yake yi," in ji shi. "Mota ce mai kyau. Allah ya kai mu lokacinta."

Bayan azahar mijin Hajara ya kai mu wani filin da ake sayar da tsofaffin motoci. Yaya ya zaɓi wata a-kori-kura shuɗiya wadda ta girmi babban ɗansa. Ƙofar dama da igiya ake ɗaure ta. Ya buɗe gaba, ya saurari injin, ya leƙa ƙasa, ya sa aka kira bakanike ya sake dubawa. Ya juya ya ce, "Farfesa, me ka gani?" Farfesa ya ce duk abin da Yaya ya gani shi ne daidai. Tunda na san shi ban taɓa jin jimla mai gajarta haka daga bakinsa ba. Kafin magariba an gama takardu.

Alhamis: komawa gida

Ƙarfe shida da rabi muka yi sallama da Hajara, ta cika mana leda da dambun nama. Yaya ne a sitiyari, ni a tsakiya giya tana bugun gwiwata, Farfesa a gefe yana riƙe da igiyar ƙofa. Motar tana ƙara kamar injin niƙa, sai mun ɗaga murya muke jin juna. Ba ta wuce saba'in, in an matsa mata sai ta fara rawa.

Mun wuce Zariya lafiya. Ƙarfe goma saura, dab da Tashar Yari, hayaƙi ya taso daga gaba, ta mutu. Na dubi Farfesa, ina jiran ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya sauka ya naɗe hannun riga, muka tura ta kusan rabin kilomita har inuwar wata bishiyar maina inda wani dattijon bakanike yake zaune a kan tsohuwar taya. Bai ko tashi ba ya ce, "Fambel ne, robar da ke juya fanka ta tsinke." Ya shiga rumfarsa, ya fito da guda uku a hannu, na biyun ya yi daidai. Ya zuba ruwa a lagireto, ya ce a tayar. Minti ashirin da biyar duka-duka, har da gaisuwa.

Farfesa ya tsuguna kusa da shi tun daga farko har ƙarshe. Na ji yana tambaya, "Baba, wannan ɗin mene ne aikinsa?" Dattijon ya nuna masa da sifana.

Sha biyu da rabi muka ratsa Kano ta bayan gari, muka yi azahar a Gano. Bayan mun tashi Farfesa ya yi gyaran murya.

"Yaya Sabo, maganar jiya... in da hali, kada ta kai majalisa."

Yaya ya ce, "Ni ba ɗan majalisarku ba ne." Ya canja giya. "Akwai filin ƙwallo a bayan makarantarmu, ba kowa ranar Juma'a da safe. Ka zo ƙarfe bakwai. Wannan ba ta tsayawa da kanta, sai ka koya."

Ƙarfe uku saura minti goma muka hau gadar Wudil, uku da rabi muna ƙofar gidan Yaya a Kausani. Matan gida suka fito suna guɗa, maƙwabta suka zagaye motar suna sa albarka, wani ya tambaya ko igiyar ƙofar a cikin kuɗin take.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Hajara da mijinta, da Mamuda direba, da mai kwat da ya yafe mana tukunyar furensa, da dattijon Tashar Yari. Farfesa da kansa ya ba ni izinin rubuta wannan, da sharaɗin in sanar da jama'a cewa Juma'a huɗu ke nan bai yi fashi ba, kuma ya fara iya baya. Na sanar. Turken ragar ƙwallon da ya karya a mako na biyu ma an riga an kafa sabo.