Alkawarin da Ni Kaɗai Ya Ɗaure

Abin da na fara lura da shi ranar da na isa wani ofishi a Sakkwato shi ne takalma. Kowa ya shiga da nasa, ni kaɗai na tuɓe nawa a bakin ƙofa. Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Illela, yarinya mai shiru-shiru, na fi iya kallo a kan magana. Makarantarmu ce ta tura ni can, wurin wani shiri da ke taimaka wa ɗalibai neman gurbi a manyan jami'o'in Amurka. Malamar da ke jagorantarmu ta ce nema da wuri hanya biyu ne. A ta farko jami'a ɗaya za ki zaɓa, ki sa hannu cewa in ta ɗauke ki ba za ki je ko'ina ba. A ta biyu kina iya neman da yawa, ba abin da ya ɗaure ki. Ta nanata cewa a ta farkon ɗalibi ne ke yin alkawari, jami'ar ba ta yi wa kowa ba. Na ji sarai.

Baffa, yayan mahaifina, shi ke yanke magana a gidanmu. Shekara da shekaru yana tura kaya Konni ta ƙasar Nijar ba takarda, da baki kawai. Na durƙusa na yi masa bayani, kaina a ƙasa. Ya tambaye ni mi ne amfanin neman wuri biyar, ko ni mai talla ce da zan bi ƙofa-ƙofa. Ya ce a ɗauki hanyar nan mai alkawari, a jami'ar da ya taɓa jin sunanta a rediyo, don a saninsa wanda ya karɓi alkawarinka shi ma ya ɗaure kansa. Na ga inda ya kuskure. Na buɗe baki, sai na ga yana murmushi yana gyara hula, na kasa. Akwai wata ƙaramar jami'a mai koyar da ilimin ruwa da ƙasa da raina ke so, ko sunanta ban ambata ba. Na sa hannu, aka tura takardun inda ya zaɓa. Kafin mako ya zagayo har 'yan canji sun ji cewa 'yar gidan Baffa za ta Amurka. Mata na shigowa barka, Inna na raba goro.

A Disamba amsa ta zo: ba su ɗauke ni ba, ba su ƙi ni ba, za su sake dubawa tare da sauran masu nema. Malama ta kira ta ce alkawari ya warware, in hanzarta neman wasu jami'o'in, in kuma yi rajistar jarabawar shiga jami'a ta nan gida. Baffa ya ce mutanen lokaci kawai suka nema, kuma a gidansa ba a taɓa sayar wa mutum biyu kaya ɗaya ba. Na bi maganarsa, ban nemi ko'ina ba. Malama ta yi ta kira, ina kallon wayar Inna tana haske har ta katse. Da zafi ya shigo jami'ar ta aiko cewa ba gurbi. A lokacin an rufe ko'ina.

Baffa bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi mutanen can ba su da amana, kuma ba 'yar gidansa da za ta sake neman wata jami'a. Matan da suka ci goron nan su ne yanzu ke tambayata yaushe jirgi zai tashi, suna rufe baki da mayafi. Ƙawayen da nake koya wa lissafi sun tafi karatu, ni ina tsakar gida ina tankaɗe.

Na daɗe ina jin haushin Baffa, amma shi bai sani ba, ni ce na sani. 'Yan uwana ɗalibai, kada ku kulle kanku a jami'a ɗaya saboda sunanta, kuma in babba ya fahimci abu a karkace, ku durƙusa ku gyara masa. Kunya ta ci mini shekara guda, kuma ba ta hana a yi mini dariya ba.

Makon jiya na kira malama. Na roƙe ta ta zo Illela mu je gaban Baffa tare, in roƙe shi ya bar ni in sake nema. Na ce kada ta yi magana a madadina, ta dai zauna kusa da ni har in gama.