Injiniya Haruna da Lasisin da Ya Zo a Makare

A wannan watan Injiniya Haruna ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin ba yadda za a yi in ba da labarinsa ban ba da nawa ba, nawan kuma ba mai daɗin faɗa ba ne. Bana na ga gara in faɗa tun ina da bakin faɗa.

Mun san juna tun muna ɗalibai a Zariya, shi yana karatun injiniyancin gine-gine, ni ina na haɗa magunguna. Na riga shi zuwa Amurka da shekara huɗu, ni ne kuma na tarbe shi a filin jirgi, shi da matarsa Hajiya Rakiya. Ya zo da takardun karatu da na aiki cike da jaka, amma da ya kai su inda ya kamata sai aka ce masa in yana son a kira shi injiniya a nan, sai ya koma baya ya sake wasu shekaru. Mutum mai iyali ba shi da waɗannan shekarun. Haka ya kama aikin gadi a wani ginin ofisoshin gwamnati a Southwest Washington, yana tsaye a ƙofa daga safe zuwa la'asar yana duba katin ma'aikata. Mu dai ba mu fasa kiransa Injiniya ba. Ya taɓa gaya mini cewa abin da ke ɗebe masa kewa a wurin shi ne kallon silin da bango, har yakan san inda zai yi yoyo tun kafin masu gyaran ginin su sani.

Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin sana'ar masu tantance asara, waɗanda kamfanin inshora ke turawa idan gida ya ƙone ko iska ta yaye rufi, su duba ɓarnar, su auna, su rubuta abin da ya kamata a biya. Injiniya ya ce wannan ai aikinsa ne aka sauya wa suna. Sai dai ba a shigarsa haka kawai. Jihar Maryland da muke zaune ba ta ba da lasisi ga masu yi wa kamfani wannan aikin, alhali jihohin da guguwa ta fi yi wa ɓarna, inda aikin yake, ba sa barin mutum ya taɓa komai sai da lasisi. Don haka dole ya zaɓi wata jiha ya yi jarrabawarta. Ya zaɓi Texas, inda bai taɓa sa ƙafa ba. Ya yi kwas, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka binciki tarihinsa. Ya faɗi jarrabawar a karon farko, ba don sha'anin gini ba, sai don Turancin dokar inshora, wanda ya ce an rubuta shi ne don kada mai gida ya gane. A karo na biyu ya ci.

Daga nan rayuwarsa ta koma ta hawan tsani da tafiya. Kowace jiha da nata sharaɗin, kuma duk bayan shekara biyu sai ya zauna darussa an sabunta masa. Yana da wani fayil mai launin ƙasa da yake adana takardun, yana kula da shi kamar jariri. Nakan yi masa tsiya a kan haka. Ban gane a lokacin ba cewa wanda ya yi shekara biyar a bakin ƙofa saboda rashin takarda guda ya fi ni sanin nauyinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yau in na ga yadda aikin ya koma, nakan tambayi kaina me zai ce. Bara ƙanƙara ta lalata rufin maƙwabcina a Gaithersburg. Wanda kamfani ya turo bai ko sauke tsani daga mota ba. Ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi ya tayar, ya ɗauki hotuna, ya tafi. Wasu ma yanzu ce wa mai gida ake yi ya ɗauki hoto da wayarsa ya aika. Injiniya kuwa ya yi imani cewa rufi sai an taka shi ake sanin lafiyarsa, kuma mai gida sai an zauna da shi an sha ruwansa ake sanin abin da ya rasa. Ina jin da yana nan, da ya yi tsaki. Amma kuma da jirgin nan ya zo da wuri, wataƙila da yanzu ba wannan rubutun nake yi ba.

Abin da ya shiga tsakaninmu ya faro ne daga gobara. Akwai wata baiwar Allah, Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi, wadda ta yi shekaru tana aikin jinyar tsofaffi har ta mallaki ɗan gidanta a Gaithersburg. Mijinta ya rasu, kuma duk wani suna ko biki na mutanenmu ita ce a bakin tukunya. Wani hunturu wuta ta tashi a kicin ɗinta, ta ci rabin gidan. Abin da kamfanin inshora ya ce zai ba ta, ko ni da ban san gini ba na san ba zai mayar da gidan ba. Ta koma zama a ɗakin ƙasa na gidan wata ƙawarta, mu kuma muka ce ai abin ya zo da sauƙi, tun da muna da Injiniya.

Ya je ya duba gidan, ya zauna da ita ya karanta mata takardun layi-layi, ya ce kada ta sa hannu a kan komai. Amma da ta roƙe shi ya kira kamfanin ya tsaya mata, sai ya ce ba zai iya ba. Ya yi mata bayani cewa lasisinsa na ɓangaren kamfani ne, kuma wannan kamfanin ma yana cikin masu ba shi aiki. Tsaya wa mai gida wani lasisi ne daban, wanda Maryland ke bayarwa bayan tata jarrabawar. In ya haɗa biyun a ɓoye aka gane, zai rasa wanda yake da shi, maganar tata kuma ta lalace. Ya ba ta sunan wani mai irin wannan lasisin. Ta ce ita ba ta san shi ba, kuma ta gaji da baƙin fuska. Ɗan'uwanta Musulmi take so.

Magana ta bazu cewa Injiniya ya ƙi taimakon marainiyar Allah. Ni ne na kai ta inda ba ta dawowa. A wani taron suna a Upper Marlboro, falo cike da mutane, ana cin abinci, na dube shi na ce, "Injiniya, ashe takardar Bature ta fi maka 'yar'uwarka?"

Ya ajiye cokalinsa, sannan ya ce, "Malam Bashir, in na karya ta yau, da me zan tsaya wa na gobe?" Ya jira aka yi addu'a, ya yi sallama da kowa har da ni, ya tafi.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne ya riga ya yi rajistar jarrabawar Maryland, kuma ya yanke shawarar barin ɓangaren kamfani gaba ɗaya, wato barin aikin da ya sha wuya kafin ya samu, ya koma farawa daga tushe yana da shekara hamsin da biyar. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Karatu, jarrabawa, bincike, jiran amsa, duk sun ci watanni. Hajiya Memuna kuwa ɗakin ƙasa ya ishe ta, sanyi ya kama mata ƙirji, ta sa hannu ta karɓi abin da aka ba ta. Lasisin ya iso bayan sati uku. Gidan bai gyaru ba. Ta sayar da shi a yadda yake, daga baya ta koma Kumasi, kuma har ta tafi ba ta ƙara amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba.

Ni kuma da na ji labarin jarrabawar, kunya ta hana ni zuwa. Mukan haɗu a masallacin Juma'a, mu gaisa, mu tambayi iyali, kowa ya nufi motarsa. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Abota ta shekara talatin ta koma "ina gajiya" da "ba gajiya". Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yaro, amma sai da furfura ta fito mini na ga ma'anarta.

Shekara biyu ya yi yana aiki a ɓangaren masu gidaje. Sannan wata bazara iska mai ƙarfi ta ratsa yankinmu, ta kayar da itatuwa, ta bar unguwanni ba wuta kwana da kwanaki. Ya hau rufin gidan wasu tsofaffi a Upper Marlboro da hantsi, katakon da ruwa ya riga ya ci ya burma da shi. Kwana uku ya yi a asibiti bai farfaɗo ba. Na je, na zauna a gefen gadon, na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa shekara biyu da suka wuce. Injin numfashi ne kaɗai ke amsa mini.

To, me ya rage na Injiniya Haruna? Sana'ar tana sauya kama, kuma waɗanda suka shigo ta bayansa ba su san sunansa ba. 'Ya'yansa biyu sun girma, in na yi musu Hausa da Turanci suke mayar mini, kuma ƙaramar ba ta tuna muryarsa sosai. A wajen jana'izarsa na ga mutanen da ban taɓa gani ba, baƙaƙe da farare, tsaye daga nesa ba su san yadda ake yi ba, kowa da labarin gidan da ya koma ciki saboda shi. Waɗannan gidajen suna nan, ana kwana a cikinsu, ruwa ba ya zuba. In shaidar duniya ita ce ta lahira, to ya samu, ko da yake ba daga bakinmu ta fara fitowa ba, mu da muke ce masa namu.

Makon jiya na kai wa Hajiya Rakiya ziyara, kamar yadda na saba duk shekara. Bana na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ya taɓa yi mata maganar abin da na faɗa masa a gaban mutane. Ta gyara mayafinta, sannan ta ce, "Wallahi Malam Bashir, bai taɓa ba. Ko sau ɗaya."

Na yi mata godiya na fito. Na daɗe zaune a mota ban tayar ba, ina juya amsar. Ko ya yafe ne tun a falon, har bai ga abin faɗa ba, ko kuwa maganar ta yi masa zurfin da ko matarsa bai iya nuna wa ba. Wanda zai raba mini gardamar nan yana kwance a ƙasar da ba tasa ba. Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya haskaka makwancinsa. Ni kuma, masu karatu, ku sa ni a addu'a.