Malam Dakata

Matuƙa jirgin sama na fasinja ne suka laƙaba wa babana suna Malam Dakata, kuma wallahi sun iya sa suna. Aikinsa ɗaya ne tak a makarantar koyon tuƙi: koya musu yadda ake tayar da inji ba tare da an ƙona shi ko an kashe wani ba. Tashi da sauka na wasu malaman ne. Shi yana nan a wani ɗaki marar taga, inda aka ajiye kan jirgi na gwaji, mai kujeru biyu da maɓallai rututu. Yakan zauna a bayan ɗalibi da rula a hannu.

Tsarinsa ba ya canjawa. A kunna jar fitila don na ƙasa su san za a tayar. A leƙa hagu da dama. A jira ma'aikacin da ke ƙasa ya ɗaga babban yatsa, alamar babu kowa kusa, don injin jirgi zuƙe mutum yake yi kamar tsumma. Sai inji ya fara juyawa kafin a sakar masa mai, hannu kuma ba ya barin mariƙin mai, ido na kan allurar zafi. In ta zabura, a kashe nan take. Ƙato mai gemu da 'ya'ya zai kai hannu da wuri, sai ya ji rula tas a kan yatsu.

"Dakata! Wa ya ba ka hannu?"

Mu ma a gida ba mu tsira ba. Kafin ya tayar da mota sai ya zagaye ta, ya leƙa ƙarƙashi, mu kuwa muna ciki muna cika muna batsewa, ga makara a makaranta. Mama in za ta kunna murhun gas takan ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, an ba ni hannu?" Ya yi murmushi ya ɗaga mata yatsa daga falo. Ni ce auta, ni ce mai baki, ni nake ce masa, "Haba Baba, mota ce fa, ba jirgi ba!" Sai ya ja kunnena ya ce, "Ke dai Auta, bakinki ya riga injinki juyawa."

Yau da za a sayar mini da wannan jan kunnen, da na saya da duk abin da na mallaka.

Bayan ya yi ritaya Mama ta rasu, sai ciwon mantuwa ya shigo. Ya fara da makulli da tabarau, ya cinye sunayen jikoki, ya cinye na yayyena, daga ƙarshe ya iso kaina. Na ɗauko shi ya dawo gidana. Likita ya ce mu yi haƙuri. Haƙuri! Kamar ana sayar da shi a kanti.

Abin da ke ci mini rai shi ne, aikin bai manta ko ɗigo ba. Yana wuni a kujera gaban tagar falo, hannunsa na dama a damƙe a gefen kujerar kamar mai riƙe da mariƙin mai. A kawo abinci, ba zai taɓa ba. "Ba a ba ni hannu ba," in ji shi. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Maigidana ne ya gano dabara: ya fita waje ya tsaya saitin tagar, ya ɗaga babban yatsa. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗauki cokali.

Na ji daɗi, amma kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni nake yi masa wanki, ni nake yanke masa farce, a ce surukinsa zai saurara? Washegari na ce ni zan fita. Na sa mayafin Mama, wanda ya fi so, na tsaya a gaban tagar. Ban ɗaga yatsa ba. Na ce, "Baba, ni ce. Autarka ce. Dube ni da kyau."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai na ga fuskarsa ta canja, ya fizge hannunsa baya da ƙarfi.

"Kashe! Akwai mutum a gaban inji!" Ya buga gilashin da tafin hannu. "Baiwar Allah, matsa daga nan! Don Allah ku janye ta, 'yar wani ce!"

Na ɗaga masa yatsa, hawaye na zuba. Bai ko kalli yatsan ba. Sai da maigidana ya ja ni gefe sannan ya daina buga gilashin.

Tun ranar, in dai yana ganina, ko a falo ko a waje, ba ya kai loma baki. Don haka ni nake dafawa, in zuba, in ajiye a gabansa, sannan in koma bayan ƙofar kicin in tsaya. Maigidana ya fita ya ba shi hannu. Daga nan nake jin ƙarar cokalinsa a kan faranti.