Shekarar da aka ce Baba Ɗanlami ya ɗaure ruwa

Daminar da aka cire ni daga firamare, wata Asabar da hantsi, ina tsaye a gonarmu ta Tirwun ina kallon babanmu yana tona rami da yatsa. Ya ciro ƙwayar gero, ta yi tsiro fari, tsiron ya bushe kamar zare. Binne muka yi a shekarar, wato mun zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Aka yi yayyafi sau ɗaya, irin ya tashi, sai sama ta kame. Wannan irin kuwa shi ne ƙarshen abin da ke rumbunmu.

Kullum da la'asar hadari zai haɗu daga gabas, baƙi ƙirin, mu yara mu bar langa mu ruga kwashe shanya da kora awaki, mata su jera bokitai a bakin indararo. Sai iska ta taso ta watse shi. An fita roƙon ruwa, manya sun juya rigunansu, shiru.

A bayan gonarmu akwai Baba Ɗanlami, mai buga tubali. Abokin babanmu ne, a akushi ɗaya suke cin tuwo in rana ta take. Shi kaɗai fari bai taɓa ba, don tubalinsa rana yake so. Sai magana ta fara yawo cewa ya binne wata tukunya, shi ke kora hadarin. Da farko babanmu tsaki ya yi. Da ragowar tsiron ya fara kwanciya, ya daina tsakin.

Ranar da aka je masa, babanmu na ciki, da fartanya a kafaɗa. Aka tattake tubalin kaf, aka haƙe tsakar gidansa har ƙarƙashin murhu. Babu tukunya. Tsohon yana zaune a kan turmi, ya dubi babanmu ya ce, "Haruna, in da ina da ruwa a hannu, ai gonarka zan fara ba." Sati bai zagayo ba ya ɗora kayansa a jaki ya bar garin. Ruwa bai zo ba. Geron ya mutu, muka ci rama da dusa har kaka, kuma babanmu bai ƙara ambaton sunansa ba har ya rasu.

Yanzu gonar ta zama gidajen bulo, ni kuma gadi nake yi. Kwanan baya 'yata ta nuna mini a waya wai a ƙasashen masu kuɗi jirgi ke hawa ya yi wa gajimare feshi, ruwa ya zubo. Tana murna, "Baba, an kusa daina fari ke nan!" Ban yi nisa a boko ba, ban san ko zai yiwu ba. Amma na ga abin da mutanen kirki suka yi kan zargi kawai. Ranar da ruwa ya koma hannun mutum da gaske, ina roƙon Allah ya sa na riga na kwanta dama.